Na rubuta giga 4, waya ta ɗauki giga 8: yadda na bi sawun koma-baya a kanel ɗin Linux

Waɗanda suka jira bidiyonmu na ranar Juma'a a watan jiya, suka ga shiru sai Asabar da daddare, na yi muku alkawarin zan faɗi dalili. Ba rashin lafiya ba ne, kuma ba lalaci ba ne. Kwamfutar da muke fitar da bidiyo da ita ce ta koma tafiyar hawainiya, kuma sai da na yi kusan mako biyu kafin na kama ainihin mai laifin.

Rubutun na da ɗan tsawo. Amma in kana da saba a gida, ko kana sha'awar aikin Linux, ko dai kawai kana son ganin yadda ake farautar kuskure ɗaya a cikin canje-canje dubbai, ka samo shayinka ka zauna.

Yadda kayanmu suke

A ɗan ɗakin da nake aiki a nan Birmingham akwai kwamfutoci biyu. Ta farko tsohuwa ce, na cika ta da faifan ajiya guda huɗu irin masu juyawa. Ita ce sabarmu, duk bidiyon da muka ɗauka a can yake kwana. Ta biyu ita ce mai ƙarfin, kuma a cikinta nake kunna wata kwamfutar ta bogi da QEMU, wato VM, inda manhajar fitar da bidiyo take. Faifan wannan VM ɗin ba wani abu ba ne illa fayil ƙato guda ɗaya da ke zaune a kan sabar. Waya mai gudun gigabit ɗaya ce ta haɗa su, kuma NFS ne yaren da suke magana da shi.

NFS tsohon hannu ne. Kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984, tun kafin Linus Torvalds ya fara Linux a 1991. Aikinsa shi ne ya sa folda da ke wata kwamfuta ta bayyana a taka kamar a cikinta take. Har yau jami'o'i da kamfanoni da masu saba a gida irina suna dogara da shi.

Ranar Lahadi na sabunta kwamfutar aikin kamar yadda na saba, sabon kanel ya shigo, na sake kunna ta, komai lafiya. Ranar Talata abokin aikina mai yi mana editin ya kira ni.

"Malam, lafiya kuwa injin nan naka? Abin da yake gamawa kafin in sha shayi, yau har na yi la'asar bai kai rabi ba."

Na ce masa wataƙila fayil ɗin ne ya yi nauyi. Ya ce shi dai ya san nauyin fayil ɗinsa.

Kwana biyu ina dukan wanda bai yi laifi ba

Abin kunyar da zan fara faɗa shi ne, ko kaɗan kanel bai zo mini a rai ba. Waya na fara zarga, na canza ta. Na gwada gudun netwok da iperf3, ya ba ni wajen megabit 940 a sakan, wanda shi ne daidai ga irin wannan waya. Na koma kan faifan sabar, na duba lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya da smartctl, babu mai ciwo. Na kwafi wani babban fayil zuwa sabar da cp, ya tafi da gudu kamar kullum, wajen mega 100 a sakan.

Nan kaina ya ɗaure. Kwafi na gudu, amma VM na rarrafe, alhali hanya ɗaya suke bi zuwa faifai ɗaya. Sai daren Alhamis na tuna cewa ba iri ɗaya suke rubutu ba. A saitin VM ɗin akwai wani ɗan layi, cache=none, wanda na sa tun shekarun baya na manta da shi. Wannan layin yana sa QEMU ya buɗe fayil ɗinsa da wata tuta mai suna O_DIRECT. Na gwada rubutu irin nasa da hannu:

dd if=/dev/zero of=/mnt/saba/gwaji bs=16M count=256 oflag=direct

Mega 20 da 'yan kai a sakan. Ga matsalar nan a fili, ba tare da VM ba, ba tare da manhajar bidiyo ba, layi ɗaya tak. Na sake kunna kwamfutar, na zaɓi tsohon kanel a jerin da GRUB yake nunawa, na maimaita layin nan. Gudu ya dawo. Da tsohon kanel ɗin muka fitar da bidiyon da kuka gani ranar Asabar.

Da a ce ni mai hankali ne da nan na tsaya. Amma abin ya tsaya mini a wuya: me ya canza?

Mene ne rubutu kai-tsaye?

A al'ada, in manhaja ta ce wa Linux "rubuta mini wannan", kanel ba ya kai shi faifai nan take. Yana ajiye shi a RAM, a wani rumbun wucin gadi, ya ce wa manhajar an gama, daga baya ya kwashe a hankali. Shi ya sa kwafi yake yi maka kamar walƙiya, kuma shi ya sa ake cewa kar ka zare filashi ba tare da ka sallame shi ba.

Wasu manhajoji ba sa son wannan taimakon. Rumbunan bayanai irin su MySQL suna da nasu tsarin ajiyar a RAM, ba sa so a riƙe abu ɗaya sau biyu. VM ma haka: kanel ɗin da ke cikinsa ya riga ya yi nasa rumbun. Irin waɗannan sukan buɗe fayil da O_DIRECT, ma'ana "kar ka ajiye mini a rumbunka, wuce da shi kai-tsaye". Tutar ta shigo Linux tun 2.4.10 a 2001, kuma Linus kansa ya taɓa caccakar yadda aka tsara ta, amma buƙata ta sa ta zauna.

A kan NFS abin ya ɗan bambanta. Yarjejeniyar NFS ba ta da hanyar isar da wannan tuta ga saba. Kwamfutarka ce kaɗai take tsallake rumbunta, ita sabar tana iya riƙe bayanan a nata RAM ɗin. Don haka dole kwamfutarka ta samu tabbaci daga sabar cewa abin ya sauka a faifai kafin ta ce wa manhaja an gama. A nan labarin yake.

Kwali, rasit da hatimi

Duk wanda ya taɓa aika kaya gida ta kago zai gane wannan. Ka kai kwalaye goma sha shida ofishin mai kago. Akwai hanya biyu. Ko dai ka miƙa kwali ɗaya, ka tsaya sai an loda shi a kwantena, sannan ka miƙa na biyu, ka ga ranar nan ba za ka je aiki ba. Ko kuma ka zube su duka, a ba ka rasit a kan kowanne cewa an karɓa, daga ƙarshe ka yi tambaya ɗaya: "Duk an loda?"

NFS na 2 hanyar farko kaɗai ya sani, shi ya sa rubutunsa yake da nauyi. NFS na 3, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1995, shi ya kawo ta biyu, kuma na 4 ya gaje ta. Kowane saƙon WRITE yana ɗauke da alamar irin tabbacin da ake so. FILE_SYNC na nufin "kar ka amsa mini sai ya sauka a faifai". UNSTABLE na nufin "karɓa kawai, zan tambaya daga baya". Tambayar ta daga baya ita ce COMMIT.

To, idan wuta ta ɗauke wa sabar tsakanin "na karɓa" da "an loda" fa? Abin da ke RAM ɗinta ya tafi, kuma ta farfaɗo ba ta san ta yi asara ba. Maganin da aka yi wa wannan shi ne hatimi: wata lamba mai bayit 8 da saba take bugawa a kan kowace amsar WRITE da ta COMMIT. Muddin sabar ba ta mutu ta taso ba, ba ta kuma yi asarar abin da ta karɓa ba, hatimin ba ya canzawa. Kwamfutarka tana riƙe da kwafin bayanan, in amsar COMMIT ta zo sai ta gwada hatiminta da na rasit ɗin farko. In sun yi daidai, shi ke nan. In sun saɓa, sai ta ɗauka kayan sun salwanta, ta sake aika su gaba ɗaya, kuma a wannan karon da alamar "sai ya sauka a faifai".

A Linux, lambobin da ke kula da wannan rawa don rubutu kai-tsaye suna cikin fayil ɗin fs/nfs/direct.c. Suna yanka babban rubutu gunduwa-gunduwa daidai girman wsize, wanda a wajena mega 1 ne, su aika, su jira amsoshi waɗanda ba lallai su dawo a jere ba, su aika COMMIT, su gwada hatimi.

Ƙidaya ta tona asiri

Yanzu lissafi ya zama mai sauƙi. Layin dd ɗina yana rubuta giga 4, a rubutu 256 masu mega 16 kowanne. In gunduwa mega 1 ce, ya kamata in ga WRITE 4096. Akwai ɗan kayan aiki mai suna nfsstat da ke ƙirga saƙonnin da kwamfutarka ta aika, haka ma fayil ɗin /proc/self/mountstats. Na duba ƙidaya kafin gwaji da bayansa.

A tsohon kanel: 4096, cif. A sabo: 8192.

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Kowace gunduwa sau biyu ake aika ta. Na kama zirga-zirgar wayar da tcpdump, na buɗe a Wireshark, na bi rubutu ɗaya daga farko har ƙarshe. WRITE goma sha shida da alamar UNSTABLE, sai COMMIT, sai kuma waɗannan goma sha shidan suka sake fitowa, yanzu ba da alamar UNSTABLE ba. A kan faifai mai juyawa, jiran kowace gunduwa ta sauka shi ne ya ci gudun, ba ma ninkin da aka yi wa wayar ba.

Sannan na duba abin da ya fi muhimmanci: hatimin da ke amsar WRITE da wanda ke amsar COMMIT. Iri ɗaya ne, harafi da harafi. Sabar ba ta yi ƙarya ba, ba ta mutu ba, ba ta canza hatimi ba. Kwamfutata ce take ganin saɓani inda babu shi.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali. Na rubuta fayil na gaske ta wannan hanya, na gwada shi da na asali da sha256sum, sun yi daidai. Bayanai ba su lalace ba. Kanel ɗin yana wahalar da kansa ne saboda tsoron asarar da ba ta faru ba.

Gajeriyar hanyar da na ƙi bi

Kafin in ci gaba, bari in ja kunnenku kan wani abu. In ka nemi maganin jinkirin NFS a intanet, shawarar da za ka fi cin karo da ita ita ce ka sa async a fayil ɗin /etc/exports na sabar. Kuma gaskiya gudu zai ƙaru, har ka ji daɗi.

Abin da async yake yi shi ne ya ba sabar izinin cewa "ya sauka a faifai" tun bai sauka ba. Mai kago ne ya ce maka an loda, alhali kwalayen na bakin ƙofa. Ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, VM ɗinka ya riga ya yarda cewa bayanan sun zauna, ya gina wasu a kansu, kuma babu wanda zai sake aika su. Faifan VM ɗin gaba ɗaya na iya rikicewa. Ba banza ba masu nfs-utils suka mayar da sync ya zama na asali a duk fitowar da ta biyo bayan 1.0.0. 'Yan uwanmu na Accra da Kumasi da suka sha dumsor, da duk wanda yake inda wuta ba ta da alkawari, wannan gargaɗin naku ne musamman. Bidiyon shekara uku ke kan sabar nan tamu. Ban taɓa layin ba.

Tsaga biyu, tsaga biyu

Sanin cewa tsohon kanel na aiki sabo ba ya yi, bai isa ba. Ana fitar da sabon Linux duk bayan mako tara zuwa goma, kuma kowace fitowa na ɗauke da canje-canje sama da dubu goma. Tsakanin nawa tsohon da sabon akwai fitowa biyu. Wanne ne daga ciki?

A nan git yake nuna kansa. Linus ya rubuta shi a 2005 don aikin kanel, kuma a cikinsa akwai umarnin git bisect. Dabarar irin wasan nan ce na "na riƙe lamba tsakanin 1 da 1000, canka". Mai wayo ba ya farawa da 1, 2, 3. Yana cewa 500, a ce masa sama ko ƙasa, ya sake raba abin da ya rage biyu. Tambaya goma ta ishe shi. Haka ma a nan: in ka ninka 2 sau 15 za ka samu 32,768, don haka gwaji 15 ya isa ya zaƙulo canji ɗaya daga cikin dubu talatin.

Da farko sai da na tabbatar matsalar tana cikin Linux na asali, ba cikin facin da masu rarraba tsarin da nake amfani da shi suka ƙara ba. Na sauko da ma'ajiyar Linus, na gina fitowar da ta dace da tsohon kanel ɗina da wadda ta dace da sabon, na gwada. Ta farko 4096, ta biyu 8192. Madalla. Daga nan:

git bisect start
git bisect bad (lambar sabuwar fitowa)
git bisect good (lambar tsohuwar)

Git ya ajiye ni a tsakiya. Aikina shi ne in gina, in kunna, in gwada, in ce masa good ko bad, ya sake tsagawa. Dabara ɗaya da za ta cece ka: make localmodconfig. Yana duba direbobin da kwamfutarka take amfani da su a lokacin, ya kashe sauran dubban da ba ka buƙata. Ginin da zai ci sama da awa ya dawo mini wajen minti ashirin. Ka dai tabbatar ka haɗa NFS ɗin kafin ka buga umarnin, in ba haka ba zai ɗauka ba ka buƙatarsa ya cire shi.

Dare uku na yi a haka, bayan na dawo daga aiki. Uwargida ta leƙo wajen ƙarfe ɗaya ta ce, "Baban yara, wannan kwamfutar albashi take biyan ka ne?" Ban da amsa.

A dare na uku git ya sanar da ni ya kama mai laifi. Na buɗe da zumuɗi. Canji ne a direban katin sauti.

Inda na yi wa kaina

Katin sauti ba shi da haɗi da NFS, ko a mafarki. Git bai yi kuskure ba, abin da na faɗa masa ya bi. In ka ce good sau ɗaya a inda ya kamata ka ce bad, ka jefar da rabin da ɓarawon yake ciki, duk sauran binciken a gidan marasa laifi za ka yi shi.

Na buga git bisect log, ya nuno mini duk amsoshin da na bayar. Na gwada su da tarihin umarnin da na buga a tasha. A mataki na shida, cikin barci, na rubuta dd ɗin da hannu maimakon in kira tsohon layin, na sa bs=1M count=4096. Giga 4 ne dai, kuma ƙidaya ta ba ni 4096, na ce good.

Ga abin da ban lura da shi ba. In rubutu gaba ɗayansa ya shiga cikin saƙo ɗaya, kanel yana da wayo: ba ya aika shi da UNSTABLE ya biyo da COMMIT, yana aika shi da tabbaci tun farko, ya huta da tafiya biyu. Da na sa mega 1, daidai girman gunduwa, babu COMMIT, babu gwada hatimi, hanyar da ke da ciwon ma ba a bi ta kanta ba. Gwajina ya ci jarrabawar da ba a yi masa ba.

Gyaran ba wuya. Na adana log ɗin a fayil, na goge daga mataki na shida zuwa ƙasa, na ba git bisect replay ya dawo da ni wurin. Amma na rantse ba zan sake gwadawa da hannu ba. Na rubuta ɗan skirif da yake gina kanel, ya kunna shi a wani ƙaramin VM ta hanyar zaɓin -kernel na QEMU, ya haɗa NFS, ya buga dd ɗin daidai, ya ƙirga WRITE. In 4096 ne ya fita da lamba 0. In ya ninka ya fita da 1. In ginin ma ya ƙi, ya fita da 125, wadda git ya ware don "tsallake wannan". Sannan:

git bisect run ./gwaji.sh

Na je na kwanta. Da asuba na tarar da amsa, kuma a wannan karon canjin a cikin fs/nfs yake, a daidai wajen da ake adana hatimi da gwada shi. Don in tabbatar, na koma kan kanel mai matsalar, na cire wannan canjin kaɗai da git revert, na gina. 4096. An kama shi.

Wanda ya riga ka barci

Ba zan kawo sunan wanda ya rubuta canjin ba, don ba shi ne abin kallo ba. Na karanta bayanin da ya yi, gyara ne na gaske ga wata matsala ta gaske, sai dai ya taɓa wani yanayi da bai gwada ba. Wannan yanki na kanel wurin zamewa ne ko ga manya. Misali na fili: a 2024 Josef Bacik, wanda aka fi sani da aikin Btrfs, ya gyara wani kuskure a wannan direct.c ɗin, wanda aka yi wa rajista da lamba CVE-2024-26958. A can, amsar wani COMMIT takan dawo tun kafin a gama aika na gaba, sai kanel ya ɗauka aiki ya ƙare, ya rufe buƙata ɗaya sau biyu, ya taɓa wurin RAM da ya riga ya saki. A bayaninsa ya ce da gwajin RocksDB a kan kwamfutoci 200, gargaɗin yakan fito wajen duk minti goma. Ka ga irin kuskuren da ba za ka taɓa gani a kwamfuta ɗaya ba sai ka yi rashin sa'a.

Na zauna zan rubuta rahoto, ina ji da kaina. Linux na da doka mai ƙarfi da Linus ya daɗe yana nanatawa: abin da yake aiki jiya bai kamata sabon kanel ya karya shi ba. Akwai ma mai bin sawun irin waɗannan rahotanni, Thorsten Leemhuis, da wata manhajarsa mai suna regzbot, kuma cikin takardun kanel akwai jagora guda a kan yadda ake kai ƙarar koma-baya. Skirif ɗin scripts/get_maintainer.pl zai faɗa maka waɗanda ke kula da kowane fayil.

Jagorar ce ta tuna mini abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko: gwada kanel mafi sabunta. A al'adar masu kanel, duk facin da ya gyara wani canji yana ɗauke da layin "Fixes:" tare da haruffa 12 na farko na lambar wancan canjin. Na nemi lambar da git log --grep. Ga shi nan. Wani ya riga ni gani, an riga an yi faci, ya shiga ma'ajiyar Linus, bai dai iso kanel ɗin da tsarina yake rabawa ba. Na gina na ƙarshen, 4096.

Dare huɗu, a kan abin da gini ɗaya na minti ashirin zai faɗa mini. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta wa masu kula da kanel na tsarin da nake amfani da shi, da lambar canjin da ya kawo matsalar, da lambar facin, da layin dd ɗin da ƙidayar biyu. Rahoto irin wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara. Na ci gaba da zama a tsohon kanel har sabuntawar da ke ɗauke da facin ta iso.

In ta same ka

Kar ka goge tsohon kanel da zarar sabo ya shigo. Ka bar aƙalla ɗaya da ka san yana aiki. Shi ya fitar da mu ranar Asabar.

In abu ya lalace, tambayar farko ita ce "me na canza kwanan nan?" Da na yi ta ranar Talata, da ban sayi sabuwar waya ba.

Ka matse matsalar har ta zama layi ɗaya da za ka iya maimaitawa, kuma ka samo lamba da za ta ce maka eh ko a'a. "Yana jin nauyi" ba gwaji ba ne. 4096 da 8192 gwaji ne.

Ka gwada kanel mafi sabunta kafin ka fara tsagawa. Sannan in za ka tsaga, ka rubuta skirif tun mataki na farko, don shi ba ya jin barci.

Kuma ka bar async inda ka gan shi, sai fa in bayanan da ke sabar ba su dame ka ba.

Ban yi nadamar dararen nan ba. Shekara nawa ina amfani da NFS ban san akwai wani hatimi mai bayit 8 da ke tsare mini bidiyo duk lokacin da sabar ta mutu ba. Kuma ba sai ka iya rubuta C za ka yi wannan aikin ba. Ni ban gyara ko layi ɗaya na kanel ba, ƙidaya na yi da haƙuri. Masu kanel ba su da irin kwamfutarka da irin saitinka, don haka rahoton da ya zo da lambar canji a hannu yana rage musu aiki sosai.

A bidiyo mai zuwa zan nuna skirif ɗin gwaji.sh layi-layi, da yadda ake karanta WRITE da COMMIT a Wireshark, tun daga kama zirga-zirgar har zuwa gano hatimin. Mai editin ya ce in na sake taɓa injin ana saura kwana biyar a saki bidiyo, shi da ni ne. Na karɓi sharaɗin. Sai mun haɗu ranar Juma'a, in Allah ya kai mu.